Abin da Gwaggo Ta Hana a Binne da Ita

Kwana uku na yi a ƙarƙashin rakuba, rumfar da aka kafa a tsakar gida don zaman makoki, ina jin ana yi wa Gwaggo shaidar da ba tata ba. Mata suna ta shigowa daga hayin kogi da Abu Hujar, wasu har daga Damazin. Kowace ta ɗaga tafuka ta ce Fatiha, ta zauna, ta karɓi shayi, sai ta fara. Wai baiwar Allah ce mai haƙuri. Wai ba ta riƙe kowa a zuciya. Wata matar malami har tana sharar hawaye da gefen mayafi tana cewa, "Wallahi ko ka taka ta, ita ka ba ka haƙuri."

Na sunkuyar da kai don kada a ga fuskata. Na san gawa ba a faɗin aibinta, amma wannan ba rufin asiri ba ne, canja mata kama ake yi. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina da shekara biyar bayan rasuwar iyayena, kuma ban taɓa ganin mutum mai riƙo irinta ba. Idan ka taka ta, za ta tuna ranar, ta tuna takalmin da ka sa. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Jira take yi, ko da shekara goma ne. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don idan na bar ta a bakin masu gaisuwa, nan da arba'in za su mayar da ita wata tsohuwa mai sanyi da ban taɓa sani ba.

Mace ɗaya ce ba ta ce komai ba a kwana ukun nan, tsohuwar gidan gabas. Ta zo, ta yi Fatiha, ta zauna a ƙarshen tabarma, ta ƙi shan shayi. Kowa yana satar kallonta, don duk ƙauyen ya san ita da Gwaggo sun fi shekara talatin ba sa ga maciji.

Asalin abin a wurin suna ne. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba. Aure biyu ta yi, ta dawo gidan ubanta ta zauna. A wajen sunan ta gyara wa wata maijego riƙon jariri, sai tsohuwar gidan gabas, lokacin tana da ƙuruciyarta da bakinta, ta ce a gaban mata, "Ku ji juya tana koya ma mai haihuwa." Aka yi dariya. Gwaggo ta ajiye jaririn a hankali, ta ɗauki takalmanta ta fita. Daga ranar ba ta ƙara yi mata magana ba.

Bayan shekaru, 'yar wannan mata ta kwana biyu tana naƙuda, ana cikin damina, hanya ta yanke, maza suna tsaye suna ta shawara. Gwaggo ce ta ɗaura jaki a amalanke, ta shiga gidan ba sallama, ta ɗauko yarinyar, ta kora amalanken cikin taɓo har asibitin Abu Hujar. Da aka haihu lafiya, ba ta shiga barka ba. Ni ta aika, ta ce, "Tai ki hwaɗa mata juya ta kawo mata jika." Na je na faɗa, kalma ba ƙari. Ranar Gwaggo ta ci tuwo malmala biyu.

Haka alherinta yake, kullum da ɗan barkono a ciki. Ba ta da ɗa ko ɗaya, amma babu abin da ake yi a gidanmu sai da saninta. Ita ke cewa yau za a fara shuka a jaraf, gonar bakin kogi da ruwa ke bari in ya janye. Ita ke ajiye irin kuɓewa a cikin tulu da toka, ba ta ba kowa sai wanda ta ga dama. Ita ta ce zan yi karatu lokacin da Baffa, ƙaninta kuma maigidanmu, ya ce firamare ta ishe ni. Ba ta yi masa musu ba. Ta dai daina dafa masa jabana, gahawar da yake sha da hantsi, har wata biyu. Matansa suka yi ta gwadawa, yana tofarwa. A wata na uku da kansa ya kai ni makarantar 'yan mata a Sinja.

Daga Sinja na wuce Hartum, na ƙare a ɗakin bincike, ina aiki a kan ciwon daji. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Ina can ina duba naman matan wasu garuruwa, ciwon yana nan yana cin wadda ta raine ni, ba wanda ya gaya mini.

Ta ji ƙullutun ne a nononta na hagu tana wanka. Ta ɓoye na 'yan watanni, sannan ta nuna wa uwargidan Baffa, magana ta kai gare shi. Baffa ya yanke hukunci irin wanda duk dattijon ƙauyenmu zai yanke: ciwon daji ba ya son ƙarfe. Idan allura ko wuƙa ta taɓa shi, fushi yake yi ya bazu. Mutanenmu ba su ƙirƙiri wannan magana don wauta ba. Sun ga mata an kai su asibiti an yanka, sun dawo sun mutu. Abin da ba su gani ba shi ne, ba a kai su sai ciwon ya riga ya gama aikinsa. Baffa ya hana a kai ta, ya kuma hana a faɗa mini, don ya san ni 'yar ƙarfe ce. Aka shekara ana shafa mata saiwa, ana ba ta jiƙe-jiƙe. A duk rayuwarta wannan ne karo ɗaya da ta bi maganarsa, don ita ma ta yarda da zancen ƙarfen.

Da na zo Babbar Sallah, wari ne ya fara gaya mini. Na rungume ta, ta ɗan janye, na ji shi ta ƙarƙashin turaren wuta da ta cika wa tufafinta. Na ja ta ɗaki na ce ta buɗe. Ta buɗe, na gani. Ta dube ni ta ce, "To, mai ilimi, mi kinka gani?"

Na fita tsakar gida, Baffa yana feɗe rago. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Na ce, "Baffa, shekara guda? Kana gani, ka yi shiru?"

Ya ce, "Ke yarinya, ba a taɓa wanga abu da ƙarhe. Ko uwayenmu haka sunka hwaɗi."

Na ce, "To gobe ƙarfe zai taɓa shi, ko ka so ko ka ƙi."

A Sinja aka yi mata aiki, aka cire nonon. Baffa ya zo, ya karɓi abin da aka cire a naɗe da farin ƙyalle, ya kai maƙabarta ya binne, kamar yadda muke yi wa duk abin da ya rabu da jikin Musulmi. Amma likita ya gaya masa an yanki ɗan kaɗan daga ƙullutun don a bincika. Ɗan yankin nan, wanda bai kai girman farce ba, aka daskarar da shi a cikin kaki irin na kyandir. Wani ɓangaren kuma aka sa a ƙanƙara. Da izinin Gwaggo da dangwalen yatsanta, dukansu suka biyo ni ɗakin bincikenmu. Tun ranar Baffa yake tambayata yaushe zan dawo da sauran 'yar'uwarsa.

Ranar da ba zan manta ba wata la'asar ce bayan mun dawo gida. Tana kwance a kan angarib, gadon igiyarta, tana tsince irin kuɓewa da hannu ɗaya don ɗayan bai ɗaguwa tukuna. Ta ce, "Ɗiyata, zamna. Wai mi kike yi can Hartum? Hwaɗa mini da Hausa, kar ki yi mini Larabcinku."

Na yi ƙoƙari. Na ce jikin mutum ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kuma a cikin kowace akwai dogon rubutu da muka gada daga iyaye, shi ake kira DNA. Kaɗan daga cikin rubutun ne ke ɗauke da umarnin gina kayan jiki. Ana kwafe umarnin a wani zare da ake kira RNA, zaren ya kai saƙo, a gina abin da aka ce. Amma akwai waɗansu zaruruwan RNA dogaye da ake kwafewa, su kuma ba a gina komai da su. Da can masana sun ɗauka tarkace ne marasa amfani.

Ta ce, "Ba su haihwar komi ke nan."

Na ce, "Ba sa haihuwar komai, Gwaggo. Amma daga baya aka gane da yawansu su ke juya gidan. Su ke cewa wannan sashe na rubutun ya farka ya yi aiki, wancan ya yi barci. Ba a ganin hannunsu, amma ba a motsi sai da su."

Ta ajiye faifan, ta yi dariya har ɗinkin ya ja ta, ta dafe ƙirji. Ta ce, "Ashe irina na. Sun ce musu juya su ma?"

Na ce kusan haka. Sannan na gaya mata sauran. A cikin ciwon daji, waɗansu daga cikin zaruruwan nan sukan yi yawa fiye da kima, su rufe bakin masu gadin da ke hana ƙwaya yin girma ba tsari, su buɗe mata hanya ta bar inda take ta tafi ƙashi ko huhu. Waɗansu kuma masu tsaro ne, sai a tarar sun ragu. Aikina shi ne in gano waɗanne ne suka tashi a jikin matanmu, ko wata rana a iya gane ciwon da wuri, ko a toshe musu baki. Na ce mata gaskiya, har yanzu ana kan nema ne, ni ban gano komai ba tukuna.

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta ɗaga ido ga rufin ɗaki. Ta ce, "Wato 'yar gida ta ci amana. Wadda anka ba riƙon gida ita ta buɗe ma ɓarawo ƙoha." Ta juyo ta kafe ni da ido. "Kina da shi can? Wanga da anka yanka?"

Na ce ina da shi.

Ta ce, "Nonon nawa na, an binne shi, halas. Amma wanga ƙullutu ba namana ba na. Maƙiyina na. In na mutu ƙanena za shi ce a kawo a haɗa mu. Kar ki yarda. Ban kwana kabari guda da abin da ya kashe ni. Ki riƙe shi, ki yayyanka shi, ki tone mai asiri har shi hwaɗi sunan wadda ta buɗe mai ƙoha."

Na yi mata alkawari, ina kuka, ita ko ɗigo.

Sai yaƙi ya zo. Magungunan da take karɓa a birni suka yanke, hanyoyi suka rufe. A Hartum wuta ta ɗauke, injinan sanyi suka mutu. RNA abu ne mai saurin lalacewa, zafi kaɗan ya ishe shi. Duk abin da muka tara a ƙanƙara ya narke ya tafi, har da na Gwaggo. Ranar da na samu na shiga ɗakin binciken don in kwashi takarduna, abu ɗaya na nema, ɗan kakin nan, don shi ba ya buƙatar wuta. Zaruruwan da ke cikinsa sun kakkarye, amma da kayan aiki masu kyau ana iya karanta guntayen. Na sa shi a gwangwanin ganyen shayi, na cusa a ƙasan jakata, na yi kwanaki a hanya har na iso gida.

Na tarar ciwon ya kai ƙashin bayanta. Wata bakwai na yi ina juya ta, ina jin yadda take cije leɓe don kada matan gida su ji nishinta. Baffa yakan tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi," ba tare da ta dube shi ba. Ba ta taɓa ce masa kai ka jawo ba. Ta dai sa aka ɗauke tukunyar jabanarta aka ba wata maƙwabciya kyauta, a gaban idonsa. Ta cika ranar Talata da hantsi, kanta a cinyata.

A rana ta uku, bayan an shafa addu'a, Baffa ya leƙo ɓangaren mata tare da Liman. Bai saba yin haka ba. Ya ce, "Ke, ga Malam, ga jama'a. Akwai sauran naman Yaya a hannunki. Ki kawo a haƙa gehen kabarinta a sa. Ba mu barin ta je ma Ubangijinta da giɓi."

Mata suka fara salati. Wata ta ce, "Nama? A cikin jaka?" Na ji idanu sun yi mini caa. Na san abin da za a ce gobe a bakin kogi: 'yar boko ta yanki uwar riƙonta tana yawo da ita.

Na ce, "Baffa, ita ta hana. Wasiyya ta bar mini."

Ya ce, "Wa ya ji? Ke ɗai? Yaya ba ta hwaɗin haka."

Ba ni da shaida. Takardar da ta dangwala tana Hartum, ko ta ƙone ko tana nan, Allah ne masani. Na kusa faɗa masa abin da nake ta haɗiyewa: ba giɓin jikinta ne ya dame shi ba, so yake a binne abin da ke tuna masa shekarar da ya ɓata mata. Liman ya gyara murya, ya ce in babu shaida, zai fi kyau a bi maganar maigida. Na sa hannu na danne jakata.

Sai aka ji murya daga ƙarshen tabarma. "Ni na ji."

Tsohuwar gidan gabas ce. Ta dogara sanda ta miƙe. Ta ce, "Sati biyu kahin ta cika, wagga yarinya ta tai ɗibar ruwa, marigayiya ta aiko a kira ni. Na ce yau ko gahwara za a nema. Na shiga, ko zamna ba ta ce mini ba. Ta ce, 'Ban yahe miki ba, kar ki sa rai. Na kira ki don ke kaɗai ce in kin yi mini shaida ba mai cewa son kai na.' Ta hwaɗa mini zancen ƙullutun, ta ce kar a binne shi da ita, a bar ma ɗiyarta. Ta ce in maimaita, na maimaita. Ta ce to tashi ki tai." Ta juya ga Liman. "Malam, ka san tsakanina da ita. Ka ga na yi kama da mai yi mata ƙarya?"

Wata ta fashe da dariya cikin kuka, ta toshe baki. Liman ya ce abin da ya wajaba an yi, an wanke ta an binne ta, kuma ga shaida a kan abin da ta so, shi ba zai tilasta kowa ba. Baffa ya juya ya fita, kafaɗunsa sun sauka, na ga ya tsufa a cikin taku biyar. Ban ji tausayinsa ba, kuma ba zan rubuta cewa na ji ba. Ina gaishe shi da safe, ina kai masa ruwan alwala. Yafiya kuwa ban kai can ba, wataƙila sai na yi shekarun da Gwaggo takan yi.

Da yamma, mutane sun ragu, tsohuwar ta same ni a ɗakin Gwaggo. Ta ce in nuna mata. Na buɗe gwangwanin, na ɗora mata kakin a tafin hannu. Ta kai shi kusa da ido, tana duban ɗan ɗigon ruwan ƙasa da ke tsakiyarsa.

Ta ce, "Wanga ɗan abu? Shekara talatin ina neman in kai ta ƙasa ban iya ba, wanga ya iya?" Ta juya shi a tafinta. "Za ki iya da shi?"

Na ce, "Ban sani ba, Inna. Sai an samu wuta da kayan aiki, a nan ko a wata ƙasa. Ko na karanta shi, mace ɗaya ba ta isa a gane komai ba. Amma ba zan bar shi ya huta ba."

Ta mayar mini da shi, ta jira na rufe gwangwanin. Sai ta leƙa ƙofa, ta kamo hannuna, ta tura shi ƙarƙashin mayafinta, wajen hammatar dama. Na ji shi a ƙarƙashin yatsuna, ƙarami, mai tauri, bai kai ƙwallon dabino ba.

Ta ce, "Wata biyu ke nan. Ban hwaɗa ma 'ya'yana ba, kin san abin da za su ce. Ranar da Gwaggonki ta kira ni, da na kai ƙoha, ta ce mini, 'Na ga yadda kike riƙe hannun ga. Ki tai a sa miki ƙarhe tun da wuri, kar ki biyo ni, ban son ganinki can.'" Ta share ido da bayan hannu. "Yaushe mota ka tashi zuwa Sinja?"

Na ce jibi, bayan sallar asuba.

Ya Allah, ga baiwarKa ta zo maKa yadda take, mai riƙo, mai alheri, ba ta haifi kowa ba kuma ta raini gari. Ka yafe mata fiye da yadda ta iya yafewa, Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya ƙashin da ya sha wuya. Ita kaɗai take kwance a can, kamar yadda ta nema. Maƙiyinta yana nan a jakata cikin gwangwanin shayi, kuma jibi zan zauna a mota kusa da matar da ta kira ta juya, mu je a kama ɗan'uwansa tun bai yi ƙarfi ba.